Darasi na 11: Wa Ya Kamata A Tsare, Wa Ya Kamata A Gyara?

Mu fara da misali. A ce da asubar yau 'yan sintiri sun kama wani saurayi ɗan shekara 19 a kan hanyar Kademi, yana janye da akuyar da ba tasa ba. Kafin hantsi an gano mai akuyar, wata dattijuwa ce da ke kiwonta don ta sayar in salla ta matso. Jama'a sun taru. Wani ya ce a yi masa dukan da ba zai ƙara ba. Wani ya ce a miƙa shi caji ofis, a kulle shi kowa ya huta. Kawun yaron yana gefe yana ba da haƙuri, yana rantsuwa cewa bai taɓa yi ba, ƙwaya ce ta ja shi. Ita kuwa mai akuya, abin da ke gabanta shi ne a mayar mata da dabbarta, kuma ta kwanta da tabbacin cewa gobe ba za a sake haura mata katanga ba.

In ka cire mai cewa a yi duka, kowa a nan yana da hujjarsa. Dattijuwar tana da haƙƙin zama lafiya a gidanta. Yaron kuma ɗan gari ne, ko an kai shi Kano an ɗaure, wata rana nan zai dawo, ko ya dawo mutum ko ya dawo ya fi da lalacewa. Yadda hukuma da jama'a za su riƙe waɗannan haƙƙoƙi biyu ba tare da sun saki ɗaya ba, shi ne abin da za mu koya a wannan darasi.

Ku da kuke wannan aji ba yara ba ne. A cikinku akwai iyaye da masu unguwanni da 'yan sintiri, akwai wanda aka taɓa yi wa sata, ƙila ma akwai wanda ɗansa ya taɓa kwana a bayan kanta. Saboda haka ku karanta da abin da kuka gani da idonku a Gaya da Ajingi, ku auna shi da abin da doka ta ce.

Daga gidan Yari zuwa gidan gyaran hali

Kalmar "gidan yari" tana ɗauke da tarihinta. Yari muƙami ne a fadar sarki, shi ne mai kula da kurkuku, don haka aka kira wurin da sunansa. A zamanin En'e kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk suna ƙarƙashin sarki. Gidan yarin Kurmawa da ke kusa da fadar Kano an gina shi tun 1910. Bayan da sojoji suka karɓi mulki, sai aka raba sarakuna da waɗannan abubuwa, a 1968 gidajen yarin En'e suka koma hannun gwamnatin tarayya.

A watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta canja sunan hukumar gidajen yari zuwa hukumar gyaran hali. Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne dokar ta raba aikin hukumar gida biyu. Ɓangare na farko shi ne tsare mutum a cikin gini, wanda kowa ya sani. Ɓangare na biyu shi ne hukunci ba tare da kulle ba: aikin al'umma, da ɗaurin talala, da sakin fursuna kafin cikar wa'adinsa bisa sharaɗi, da sasanta mai laifi da wanda ya zalunta. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali. Ke nan a kan takarda hanyoyi sun yi yawa. Abin tambaya shi ne ko mutumin Balare ko na Shagogo yana cin moriyarsu.

Hanyar da ƙara take bi

Mutane da yawa suna zaton alƙali ne kaɗai ke yanke makomar mai laifi. Alhali kafin magana ta isa gaban alƙali ta riga ta wuce hannaye da dama, kuma kowane hannu yana da zaɓin da yake yi.

Na farko shi ne wanda aka yi wa laifin da mutanen unguwa, su ke zaɓar ko a kai ƙara ko a kashe maganar a zaure. Daga nan sai baturen 'yan sanda na yanki da jami'in da ke bincike, su ke duba ko akwai hujja, ko a ba da beli, ko a rubuta takardar ƙara a kai kotu. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu, sai dai wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, shi nasa tsarin daban. Belin 'yan sanda kyauta ne. Dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana a kama uba a madadin ɗansa ko mata a madadin mijinta, ta kuma hana a kama mutum don bashi kawai ko saɓa alkawarin ciniki. Jihar Kano ta yi tata dokar a kan wannan tsari a 2019. Ku riƙe waɗannan abubuwa da kyau, domin rashin saninsu ne ke sa a yi wa talaka abin da doka ba ta yarda ba, shi kuma ya yi godiya.

A ƙananan laifuffuka, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ne ke tsayawa a kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci. A manyan laifuffuka irin su kisa da fashi da makami, kotun majistare ba ta da hurumin yanke hukunci. Abin da take yi shi ne ta ba da umarnin a ajiye mutum a gidan gyaran hali, a aika fayil ɗinsa Ma'aikatar Shari'a a Kano don lauyoyin gwamnati su ba da shawara: a gurfanar da shi a babbar kotu, ko a sake shi don babu hujja. A saman duk wannan akwai Kwamishinan Shari'a, wato Antoni Janar na jiha, wanda sashe na 211 na tsarin mulki ya ba shi ikon shigar da ƙara, da karɓe ta daga hannun wani, da janye ta kafin a yanke hukunci. Sashen ya ɗora masa sharaɗin duba maslahar jama'a da adalci. Wannan zaɓi na wa za a gurfanar, da wace tuhuma, da irin hukuncin da za a roƙi kotu ta yi, shi ake nufi da manufar gabatar da ƙara.

Jiran shari'a

A nan ne ciwon yake. Mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin Najeriya sun haura dubu 70, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. To ga mutane dubbai da doka ke kira marasa laifi, suna kwana a ƙasa a cunkushe, wani wata shida, wani shekara uku, domin fayil bai dawo ba, ko mai bincike an yi masa canjin wurin aiki, ko shaidu sun gaji da zuwa, ko babu motar da za ta kai shi kotu, ko an ba da belinsa amma bai samu mai tsaya masa ba.

Mutumin karkara ya fi shan wannan wahala. Daga Gaya zuwa birnin Kano ya haura kilomita 60, daga ƙauyukan Ajingi da ke iyaka da Jigawa kuwa ya fi haka. Uwar da ɗanta ke tsare a Wudil ko Goron Dutse ko Kurmawa sai ta sayar da wani abu kafin ta samu kuɗin motar zuwa dubiya. Bayan zuwa biyu ko uku sai ƙafa ta ɗauke, ba don ƙauna ta ƙare ba. Wanda ba a zuwa dubiyarsa kuwa, shi ne fayil ɗinsa ke kwana a ƙasan tari.

Ku dawo da hankalinku kan yaronmu mai akuya. A ce an kai shi can ya yi wata takwas yana jiran shari'a. Da wa zai zauna? Doka ta ce a raba masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa hukunci, a raba sabon shiga da tsohon hannu, amma cunkoso ba ya barin a yi haka yadda ya kamata. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ya shiga bai san komai ba sai kwance igiyar akuya, zai iya fitowa ya san yadda ake tayar da babur ba makulli, ya san wanda ke sayen kayan sata a birni, yana da lambobin sababbin abokai. Damina ta wuce bai yi noma ba. Yarinyar da yake nema an ba wani. Duk wanda ya gan shi a majalisa sai ya matsar da wayarsa. Ita kuma dattijuwar, me ta samu? In an yi sa'a ta karɓi akuyarta, amma maƙwabcin da aka dawo mata da shi ya fi wanda aka ɗauka hatsari.

Ga lissafi, ku ɗauki alƙalami. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙara kuɗin ciyar da fursuna ɗaya daga naira 750 zuwa naira 1,125 a rana. Ku ninka 1,125 sau 365, za ku samu naira 410,625 a shekara, abinci kaɗai, ban da albashin gandirobobi da magani da man mota. Ku da kuke zuwa kara a Wudil ranar Juma'a kun fi kowa sanin awaki nawa wannan kuɗi zai saya. Wani lissafin kuma: a watan Nuwamba na 2023 Ministan Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasa, waɗanda tara ko kuɗin diyya kaɗai ya riƙe su, bayan an tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali. In kun raba, kowane mutum bai kai naira dubu 145 ba. Alƙalan da suka yanke musu hukunci sun riga sun ga cewa ba su da hatsarin da zai hana su komawa gida, tun da sun ba su zaɓin tara. Talauci ne ya ci gaba da ɗaure su.

Abin da muka gada daga shari'ar Musulunci

Wasu suna ɗauka cewa maganar gyaran mai laifi baƙuwar aba ce da aka kawo daga Turai. Wanda ya zauna gaban malamai ya san ba haka ba ne. Jihar Kano ta dawo da dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma fiƙihun da alƙalanmu ke bi ya kasa hukunci kashi uku: haddi, wanda aka ƙayyade; ƙisasi da diyya, a kan rai da rauni; da ta'aziri, wanda aka bar wa alƙali ya auna gwargwadon laifi da halin mai laifi.

Haddin sata ba ya tabbata sai da sharuɗɗa masu tsauri. Sai kayan sun kai nisabi, wato rubu'in dinari ko ƙimarsa, sai an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, sai an samu shaidu biyu adilai ko iƙirari, kuma duk inda shubuha ta shiga, haddi ya faɗi. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Da aka kawo masa bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a sun yanka raƙumar wani sun ci, ya bincika ya gano ubangidansu na barinsu da yunwa, sai ya sake su, ya ci ubangidan tarar ninkin kuɗin raƙumar. Ya duba abin da ya jawo laifin, kuma bai bar mai raƙuma ya tafi hannu rabbana ba. A ƙisasi ma, an ba magadan wanda aka kashe zaɓin su yafe ko su karɓi diyya.

Amma shari'ar da ta buɗe ƙofar afuwa ita ce ta rufe ƙofar alfarma. Lokacin da wata mata daga babban gidan Banu Makhzum ta yi sata, aka tura Usama ɗan Zaidu ya yi mata ceto, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, ya kuma gargaɗi mutane a kan halin al'ummomin da suka hallaka, masu barin babba in ya yi laifi su hukunta ƙarami. Fashi da tare hanya kuwa, ko wanda aka yi wa ya yafe, maganar ba ta mutu ba, domin laifi ne a kan jama'a duka.

Inda muke juya abin

Zan faɗi ra'ayina a fili, ku tattauna shi a aji, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. A yankinmu sau da yawa muna tsananta wa wanda ya kamata a gyara, muna sassauta wa wanda ya kamata a tsare. Ɓarawon kaza marar gata shi ke tafiya gidan yari. Amma in babban mutum ya lalata yarinya ƙarama, sai ka ga dattawa sun cika zaure, ana cewa a rufa asiri, a bar wa Allah, kada a ɓata zumunci, kada yarinyar ta rasa miji. A ba iyaye ɗan abin da aka ba su, magana ta mutu. Mutumin yana nan yana yawo, kuma akwai wasu yara a unguwar. Wannan zalunci ne aka sa masa rigar sulhu, kuma duk wanda ya zauna aka yi da shi yana da kaso a cikin abin da zai faru da yarinya ta gaba.

Akwai laifuffukan da ba a kashe su a zaure. Fyaɗe, da kisa, da garkuwa da mutane, da fashi, da duk laifin da aka zare makami a cikinsa, da dillancin ƙwaya, da sayen kayan sata a matsayin sana'a. A irin waɗannan, tsaron jama'a ne a gaba, kuma aikin mai unguwa da dagaci shi ne su miƙa magana ga hukuma, su kare shaidu, su hana a matsa wa iyalan wanda aka zalunta su janye. Ita ma dokar tarayya ta 2015 da ta ba alƙali ikon jingine hukunci ko ya sa mutum aikin al'umma, ta cire laifin da aka yi da makami, da laifin lalata, da wanda hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara uku. A 2023, da ƙwacen waya ya addabi birnin Kano har ana rasa rayuka, gwamnatin jihar ta bayyana cewa za a ɗauke shi a matsayin fashi da makami. Wanda ya soki mutum da wuƙa don waya ba ajinsu ɗaya da yaronmu mai akuya ba.

In kana son ka bambance, ka tambayi kanka: wannan mutum tsoronsa muke ji, ko haushinsa kawai muke ji? Ka duba ko ya riƙe makami, ko ya taɓa jikin wani, ko wanda ya cuta yaro ne ko mace ko tsoho, ko wannan ne karo na farko, ko shi kaɗai ne ko ƙungiya gare su. Wanda ake tsoro a tsare shi, a hanzarta shari'arsa. Wanda ake jin haushi a sa shi ya biya abin da ya ɓata, ya yi aiki, a sa masa ido.

Duka da ƙona ɓarawo kuwa ba sa cikin kowane ɓangare. Kisan kai ne, kuma wanda ya ɗaga sanda shi ma ya zama abin tuhuma. Mutanen Kano ba su manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna kan hanyar dawowa gida yin salla, bisa zargin da babu kotun da ta saurara. Abin da ya yi mana ciwo da aka yi wa namu a can, kada mu yi wa wani a nan.

Tubabbun 'yan daba

A 2023 Kwamishinan 'Yan Sandan Kano na lokacin, Muhammad Usaini Gumel, ya gayyaci 'yan daba su ajiye makamai su tuba. Ɗaruruwa suka amsa, aka ɗauki bayanansu. Daga baya da aka ɗauki 50 daga cikinsu aikin 'yan sandan sa-kai aka sa musu kaki, sai ƙasa ta ɗauka. Wasu suka ce an ba kura ajiyar nama. Wasu suka ce in mutum ya tuba aka ƙi karɓarsa, to ina ake so ya koma?

Kowane ɓangare ya hango wani abu. Kiran matasa su ajiye wuƙa abu ne mai kyau, kuma tuba ba ta ɗorewa in babu abin yi. Sai dai a ganina irin wannan shiri yana buƙatar a fara tantance wanda ke da jini a hannunsa, a miƙa shi kotu, a ji ta bakin waɗanda aka sara ko aka kashe wa 'ya'ya, sannan amana ta zo mataki-mataki. A fara da koyon sana'a da gwajin ƙwaya, a ga zamansa na shekara ɗaya ko biyu, kafin a yi maganar kaki. Kuma muddin 'yan siyasa suna neman yaran nan duk lokacin zaɓe suna ba su kuɗin ƙwaya, abin da aka gyara da rani zai warware kafin kaka.

Maganar ƙwaya ba a raba ta da wannan darasi. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A wannan shekarar ce gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin. Mai shan ƙwaya yana buƙatar magani da kulawa, irin abin da aka kafa makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru dominsa. In aka kulle shi kawai, ranar da ya fito zai koma wurin dillalinsa, wanda shi ne ya kamata a ce an kulle tun farko.

Yadda gyara zai yiwu a garuruwanmu

Aikin al'umma ba sabon abu ba ne a Afirka. Zimbabwe ta fara shi a 1992 saboda cunkoson gidajen yarinta, Kenya ta yi masa doka a 1998. Tsarinsa mai sauƙi ne: alƙali ya ƙayyade awoyi, mai laifi ya riƙa zuwa yana aiki kyauta a asibiti ko makaranta ko kasuwa, wani jami'i yana rubuta zuwansa, in ya saɓa a mayar da shi kotu. Yana kwana a gidansu, yana zuwa gonarsa, jama'a suna ganinsa da tsintsiya a hannu. Ga Bahaushe mai jin kunya, share kasuwar garinsu a gaban surukansa hukunci ne mai nauyi.

Gaya da Ajingi suna da abin da birni ya fara rasawa, wato sanin juna. Mai unguwa ya san kowane gida, ya san uban kowa da kakansa. Masarautar Gaya, wadda aka kafa a 2019, aka rushe a watan Mayu na 2024, aka sake kafa ta a wannan shekarar da daraja ta biyu a kan Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni har ƙauyen da ya fi kowane nisa. Ga Hisba, wadda aka yi wa doka a 2003, da daɗewar da ta yi tana sasanta mutane. Ga limamai, ga sarakunan sana'a. Tarihin Kano ma yana cewa maƙeran Gaya ne suka je dutsen Dala neman tama suka zauna. Garin da aka san shi da sana'a tun kafin a gina ganuwar Kano bai kamata ya rasa maƙeri ko tela ko bakanike da zai karɓi yaro ɗaya ya koya masa aiki ba.

Sai dai sulhu yana da ƙa'ida, in ba haka ba ya zama hanyar danne marar ƙarfi. Dole wanda aka zalunta ya yarda da kansa, ba don an cika masa zaure da manya ba. Dole mai laifi ya amsa laifinsa da bakinsa, ya biya asarar ko da kaɗan-kaɗan. A rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, a ajiye kwafi wurin dagaci da caji ofis. In magana ta riga ta shiga kotu, a koma a sanar da alƙali, shi ne zai amince. A samu babba ɗaya, kawu ko baffa ko malami, da zai ce yaron nan yana wuyana. Kuma a faɗa wa yaron a gaban kowa cewa in ya sake, ba sauran zama. Haka ake yi da kaka in shanu sun shiga gona: a je a ga ɓarna, a ƙiyasta, a biya, tun kafin a kai ga zare sanda da adda. Inda aka yi jinkirin wannan ƙiyasi ko aka yi son kai a cikinsa, a nan ne ƙaramar ɓarna ke zama gawa.

Yara kuwa nasu daban ne. Kano ta samu dokar kare yara a 2023, kuma wanda bai kai shekara 18 ba bai kamata a haɗa shi ɗaki ɗaya da manyan fursunoni ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sauran aiki yana kanmu ranar da mutum ya gama wa'adinsa ya dawo. In an ƙi ba shi hayar gona, an ƙi ɗaukarsa ƙwadago, an ƙi ba shi aure, ana kiransa tsohon fursuna har a masallaci, to mun tura shi wurin mutanen da kaɗai za su karɓe shi, kuma mun san ko su wane ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A sa masa ido, wannan daidai ne, amma a ba shi abin yi.

Tambayoyi da aiki

1. Cikin kwana nawa tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu? Wane sashe ne ya faɗi haka?
2. Ku kawo laifuffuka huɗu da bai halatta a kashe su a zaure ba, ku faɗi dalili.
3. Ku kasu gida uku. Rukuni ɗaya ya tsaya wa dattijuwa mai akuya, ɗaya ya tsaya wa yaron, ɗaya ya zama mai gabatar da ƙara. Wane hukunci za ku roƙi alƙali ya yi? In aka ce yaron yana riƙe da wuƙa lokacin da aka kama shi, ko kuma wannan ne karo na uku, me zai canja?
4. Kowa ya rubuta takardar yarjejeniyar sulhu mai layi goma, da kwanan wata, da adadin abin da za a biya, da wurin sa hannun shaidu.

Akwai hukumar lauyoyin gwamnati masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, wadda aka fi sani da Legal Aid, an kafa ta tun 1976, kuma tana da ofis a Kano. Babbar Alƙaliyar Jiha, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki, tana da ikon ziyartar gidajen gyaran hali ta saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ko ya daɗe fiye da kima yana jiran shari'a. 'Yan'uwa, duk wanda ke da wani nasa ko maƙwabci da ke tsare ba a yanke masa hukunci ba, ya zo aji mako mai zuwa da ranar da aka kama shi, da sunan kotun, da laifin da ake tuhumarsa, mu zauna tare mu rubuta takardar neman a duba maganarsa.